Sarauniyar Lugu, Matar Da Ta Hana Sojan Faransa Hanya



Duk yaron da ya yi makaranta a Katsina ya san shekarar 1903. A shekarar ce Gwamna Lugga ya shigo birnin nan ta Ƙofar 'Yanɗaka, bayan Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Ingila, kuma bai tarar da yaƙi a nan ba. Shi ya sa da yawanmu a Kambarawa da sauran unguwanni muke ɗaukar zuwan Turawa kamar wani abu da ya sauko a hankali, aka wayi gari kawai aka ga Razdan. Amma shekara huɗu kafin haka, a 1899, wata rundunar Faransa ta ratsa ta arewa da mu, cikin ƙasar da yau ake kira Nijar, tana ƙone garuruwan Hausawa ɗaya bayan ɗaya, har ta zo ta tarwatse kusa da Tasawa, wadda tsohuwar ƙasar Katsina ce. A kan hanyar rundunar nan akwai wani ƙauye mai suna Lugu, kuma mace ce ke riƙe da shi. Ana kiranta Sarauniya Mangu.

Mace a kan gadon sarauta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Jerin sarakunan Daura da mata ya fara, har zuwa Daurama ta labarin rijiyar Kusugu. Zazzau na da Amina, wadda har yau ake jingina mata ganuwar garuruwa. Gobir na da Inna. Da Katsinawan Haɓe suka rasa birnin nan a lokacin jihadi suka koma Maraɗi, sun tafi da sarautar Iya, wadda ke shugabantar mata da 'yan bori, kuma maganarta na da nauyi a fada. Sai dai Daurama da Amina sun yi nisa, labarinsu ya cakuɗe da almara. Ta Lugu kuwa ta rayu a zamanin kakannin kakanninmu, kuma waɗanda suka yaƙe ta sun rubuta ranar da aka yi yaƙin da yawan harsashin da suka harba.

Lugu na cikin ƙasar Arewa. Ba arewar da muke faɗi a Nijeriya muke nufi ba. Wannan Arewa ƙasar Arawa ce, ko Mawri, wajen Dogon Dutsi da Matankari, a jihar Dosso ta yanzu, arewa maso yamma da Sakkwato. Hausawa ne, da harshensu irin na yamma. A ƙasar akwai gida biyu na iko. Sarakunan Arawa, masu cewa kakansu daga Barno ya zo, su ke da doki da yaƙi da haraji. Gubawa, waɗanda aka tarar a wurin, su ke da ƙasa, wato su ke roƙon ruwa, su ke buɗe daji, su ke yanka don amfanin gona. Shugabar wannan gida na biyu ita ce Sarauniyar Lugu, takwaranta namiji kuma shi ne Baura na Bagaji. Mutanen Lugu suna cewa Sarauniyarsu ta fari daga Daura ta taso, tana biye da wani dutse mai suna Tunguma, inda dutsen ya tsaya nan suka kafa gari. Wannan dutse shi suke kai wa ƙara in magana ta gagara. Ku lura da Daura a cikin labarin: ga yadda mutanen Lugu ke ba da asalinsu, daga jiharmu sarautar ta fita.

Sarauniya suna ne na sarauta, mata da yawa sun riƙe shi kafin Mangu da bayanta. Ba a neman ta da kuɗi ko da kamun ƙafa. In mai riƙe da ita ta rasu, sai a ɗora gawar a kan makara, maza su ɗauka, su yi ta zagayawa har makarar ta nuna matar da za ta gaje ta. Suna kiran wannan tarkama. Wadda aka nuna ba ta da ikon cewa a'a. Daga ranar ta bar harkar da ta saba, ta sa fari, ta shiga ɗakinta, yawancin yininta tana kaɗi, mutane na zuwa neman shawara da sulhu. Ba ta da dogarai, ba ta da barade. Abin da take da shi shi ne mutanenta sun yarda cewa ƙasar a hannunta take, kuma in ta yi magana ba a tsallakewa.

Mutanen nan su ake kira Azna, ko Arna. A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin kalmar ba baƙuwarmu ba ce. Da yawa cikinmu a ikkilisiyoyin Katsina, Malumfashi, Ƙafur da Funtuwa jikokin Maguzawa ne, Hausawan da suka riƙe al'adar gargajiya har bishara ta same su. Abin da Maguzawa suke a nan, shi Azna suke a can. Ƙasar Arewa ta daɗe tana turje wa daular Sakkwato, kuma daga 1849, da Yakubu Nabame na Kabi ya yi tawaye, Arawa da Zabarmawa suka mara masa baya a kan Gwandu. Saboda haka Lugu ta saba da ƙin miƙa wuya tun kafin Bature ya iso. Ba ma bin abin da Mangu ta bauta wa, kuma ba mu kai ƙara gun dutse. Amma wanda ya ji kunyar kakanninsa har ya ƙi sanin labarinsu, ya bar wa wasu su rubuta masa shi yadda suka ga dama.

Yanzu ga waɗanda suka zo. A ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a Faris, suka raba ƙasashenmu a kan takarda. Suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, abin da ke ciki na Ingila, abin da ke waje ta arewa na Faransa. Faransa na son ta haɗa mulkinta na Aljeriya da na Kwango da na yammacin Afirka a Tafkin Cadi, sai ta tura runduna uku daga kusurwa uku. Ta yamma aka ba Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine, matasa biyu da suka yi suna wajen cin ƙasar Mosi a 1896, kuma tun can aka san su da rashin tausayi. Chanoine ɗan janar ne, ubansa ma ya taɓa zama ministan yaƙi. Turawan da ke cikin rundunar ba su kai goma ba. Sauran duk baƙar fata ne: sojoji 'yan ɗaruruwa daga Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, da 'yan dako wajen 800 da aka kamo da ƙarfi, sannan mata da bayi da suka yi ta ƙaruwa a hanya. Suna da bindigogi na zamani da igwa ɗaya.

Gwamnatinsu ba ta ba su guzurin da zai ishe su ba. An bar su su ci daga abin da suka tarar. Ku yi tunanin taron mutum dubu ɗaya da ɗoriya, da dawakai da shanu, sun sauka a ƙauye mai rijiya ɗaya a tsakiyar rani. Rumbu ya ƙare a yini guda, rijiya ta ƙafe, in mutanen gari suka gudu ko suka ɓoye hatsi sai a ce sun yi tawaye. Tun a watan Janairu 1899, a Sansanin Hausa da ke bakin Kwara, suka kashe mutum 101, har da mata da yara. Daga nan abin ya zama musu hanya. Ɗan dakon da ya gaji a harbe shi, jagoran da ya ɓata hanya a rataye shi. Labarinsu ya riga su isa ko'ina, garuruwa da yawa suka watse kafin su iso, waɗansu sarakuna kuma suka fito da kyautai suna neman a bar su da rai. Ba za mu zarge su ba. Mai kwari da baka da ya ga abin da igwa ke yi, in ya nemi sulhu, 'ya'yansa yake ji.

A watan Afrilu rundunar ta iso wajen Matankari. Sarauniya ta tara mutanenta da na ƙauyukan kewaye, har da Tongana, ta aika wa Faransawa cewa ba za su wuce ta ƙasarta ba. Ɗaya daga hafsoshin rundunar, Laftanar Paul Joalland, ya rubuta littafi daga baya, kuma a ciki ya kira ta tsohuwar mayya da ta aiko musu da saƙon cin mutunci. Zagi ne, amma zagin ya adana mana abu biyu. Na farko, tsohuwa ce. Na biyu, ita ce ta yanke shawarar a tsaya, kuma maza suka bi.

Ranar 16 ga Afrilu 1899 aka gwabza. Sojojin Faransa suka jeru suna ɓarin wuta, igwa na tashi. A fili babu yadda kibiya za ta yi da harsashi, sai Azna suka ja da baya suka shige wani kurmi mai sarƙaƙiya da ƙaya da ke kusa da garin, inda suka riga suka kai mata da yara. A can bindiga ta rasa nisanta. Dole soja ya kutsa cikin ƙaya, yana neman mutumin da ba ya gani, kibiya mai dafi na fitowa daga inda bai zata ba. Faransawa da kansu suka rubuta cewa sun harba harsashi wajen 7,000, an kashe musu mutum 4, an raunata 6. Adadin zai yi muku kama da kaɗan, amma tun da suka taso babu inda aka yi musu ɓarna kamar haka, kuma harsashi 7,000 ba ƙaramin abu ba ne ga rundunar da ba ta da inda za ta samo wani kafin Cadi. Azna da yawa sun mutu. An ƙone Lugu. Sarauniya kuwa ba a kama ta ba, ba a kuma kashe ta ba. Ta fita da sauran mutanenta, rundunar ta wuce gabas, bayan wani lokaci suka dawo suka sake gina garinsu.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. A watan Mayu rundunar ta faɗa wa Birnin Ƙonni, babban gari mai ganuwa, ta yi kisan da har yau jikokin mutanen garin ke ba da labarinsa. Ganuwar da aka gina don tsaro ita ta zama tarko, domin igwa ta fasa ta, mutane kuma ba su da mafita. Daga nan suka bi ta Gobir da wajen Maraɗi suna yin irin haka.

Amma kafin wannan magana ta riga ta kai Faransa. Wani hafsa mai suna Péteau, wanda Voulet ya kora daga rundunar, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana faɗin abin da ya gani, wasiƙar ta kai hannun manya. Aka umarci Laftanar Kanar Klobb, wanda ya riƙe Tambutu, ya bi sawunsu ya karɓe rundunar. Klobb bai sha wahalar neman hanya ba. Toka da gawawwaki suka yi masa jagora: ƙauyuka a ƙone, rijiyoyi cike da gawa, a Koran Kalgo kuma ya tarar da 'yan mata ƙanana a rataye a bishiya. Ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa. Ya hana mutanensa harbi, ya nufo su a kan doki. Voulet ya ba da umarni aka harbe shi. Sannan ya cire alamun muƙaminsa, ya gaya wa sojojinsa cewa shi ya bar Faransa, zai kafa daular kansa da su. Sojojin nan suna da iyali a gida, ba su yi niyyar bin mahaukaci har abada ba. Ranar 16 ga Yuli suka harbe Chanoine, washegari suka harbe Voulet, a Maijirgi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wata uku cif tsakanin yaƙin Lugu da mutuwar Chanoine, kuma mutanen Arewa ba su ɗauki wannan a matsayin katari ba, sun ce bakin Sarauniya ne ya bi su.

To, ta ci yaƙin ko ba ta ci ba? A yau za ku ji ana cewa ta kori Faransawa. Ba haka aka yi ba, kuma ba ma taimakon ta da ƙarin gishiri. Garinta ya ƙone. Ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan Yulin nan, Joalland ya kai Cadi, aka kashe Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900, ƙasar Arewa kuma ta shiga mulkin Faransa har 1960. A ganinmu abin da ta yi ya fi wannan wuyar faɗi a waƙa. Ta ƙi ba da hatsi da 'yan dako ga masu kisan mutane, ta san ba za ta iya da su a fili ba, ta zaɓi wurin da makaminsu zai yi rauni, ta sa an kai raunana can tun da wuri, kuma da abin ya fi ƙarfi ba ta tsaya a mutu duka don a yabe ta ba. Shugaban da ke da mutum ɗari a hannunsa, lissafinsa na farko shi ne nawa za su kwana da rai.

Akwai wata al'umma a Amurka da tarihinta ya bi irin wannan hanya, ko da yake nesa take da mu. Su ne Seminol, 'yan asalin jihar Fulorida. Sun yi yaƙi uku da sojan Amurka tsakanin 1817 da 1858. An kwashe mafi yawansu da ƙarfi zuwa yamma, amma 'yan ɗaruruwa suka shige cikin fadamar Everglades, inda soja ya kasa bin su, kuma ba su taɓa sa hannu a takardar miƙa wuya ba. Fadama ta yi musu abin da kurmi ya yi wa Lugu. Daga jikokinsu aka haifi Betty Mae Tiger Jumper a 1923. Ubanta Bature ne, abin da ya sa waɗansu dattawan ƙabilar suka nemi halaka ta tana ƙarama, dole danginta suka ƙaura da ita. Ta tafi makarantar kwana tana da shekara 14, ta gama sakandare a 1945, ta koyi aikin jinya, ta dawo tana yawo tsakanin ƙauyukan mutanenta da magani, tana yi musu tafinta a asibiti. A 1967 suka zaɓe ta shugabar ƙabilar, mace ta farko, ta riƙe har 1971. Ta rasu a 2011. Ba don kakanninta sun san lokacin shiga fadama ba, da babu ƙabilar da za ta shugabanta.

Sunan Mangu ya daɗe bai fita daga ƙasar Arewa ba. Littattafan makarantar zamanin Faransa ba su da dalilin ambatonta, malaman birane kuma ba su ga abin yabo ga arniya ba. Wanda ya fito da ita duniya shi ne Abdoulaye Mamani, marubuci ɗan Nijar kuma ɗan jam'iyyar Sawaba, wanda ya sha gudun hijira da kurkuku. A 1980 ya buga littafin ƙagaggen labari da Faransanci mai suna Sarraounia. Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da shi fim a 1986, aka ɗauka a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1987. Yau a Yamai akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta, gwamnatin sojan da ta hau a 2023 kuma ta ƙirƙiro lambar girma da sunan Sarauniya Mangu. Sai dai in kun kalli fim ɗin ku riƙe wannan a zuciya: budurwar nan mai ƙarfi da ke riƙe da makami a gaban mayaƙa, ta Mamani ce da Hondo. Sun buƙaci jaruma irin wadda 'yan kallo za su gane. Wadda aka yi yaƙin Lugu da umarninta tsohuwa ce mai zaman ɗaki. Mu da muka karanta Littafin Mahukunta ba za mu yi mamaki ba, domin Debora ma a gindin itacen dabino take zaune tana shari'a, Barak ne mai takobi, amma ya ƙi fita sai da ita.

Akwai kuma wani gefe na labarin da ya shafe mu kai tsaye. Sunan da Bahaushe ya ba Bature shi ne Nasara, kuma asalin kalmar Kirista take nufi. Ga mutumin Ƙonni ko na Lugu a 1899, Nasara shi ne wanda ya cika rijiya da gawa. Voulet bai zo da bishara ba, bai ma yi da'awar haka ba, amma sunan ɗaya ne a kunnen wanda aka ƙone wa gida. Da 'yan mishan na SIM suka shiga Damagaram a 1924, shekara 25 kawai ke tsakani, waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da rai. Asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 yana kan hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi, yankin da rundunar ta ratsa. In wani dattijo a can ya yi jinkirin sauraron baƙo mai farar fata, yana da dalilinsa, kuma masu bishara na farko, baƙi da 'yan ƙasa, sun yi shekaru suna aiki a ƙarƙashin nauyin laifin da ba su suka yi ba.

Lugu tana nan har yau, ƙaramin ƙauye a ƙaramar hukumar Dan Kasari, mutanenta sun ragu, yawancin maƙwabtanta sun musulunta. Bayan Mangu an ci gaba da ɗaukar makara ana nuna magajiya, sarautar ta ratsa mulkin Faransa gaba ɗaya, ta ga 'yancin kan Nijar, ta shigo ƙarnin da muke ciki. Kaburburan Voulet da Chanoine kuma suna Maijirgi, a gefen babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Tasawa zuwa Damagaram.